Inji Ne Ko Moto? Ku Bari In Shanye Shayina Tukuna

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce abin da ke ruri a ƙarƙashin kan tirela inji ne, ɗan abin da ke tayar da shi kuma moto ne, masu karatu suka sa ni gaba. Wani direba Bazazzagi ya aiko yana tambaya ko na taɓa riƙe sitiyari, ko kuwa a kujerar baya na yi digirina. Wani ɗan boko ya ce gaskiya na faɗa, amma ban faɗe ta da Turanci ba, don haka ba ta cika ba. Wani kuma daga Damagaram cewa ya yi gaba ɗayanmu Ingilishi ne ya ruɗa mu. To, ku gyara zama, kowa zai karɓi rabonsa. Bazazzagi zan fara da kai, tunda Bakano ba ya tsallake bawansa.

Da hunturun bara na kwana a Mararrabar Jos, wurin da tireloli ke jeruwa kamar shanu a mashaya. Da asuba ina teburin mai shayi, sai ga wata DAF shaƙe da buhunan masara ta ƙi tashi. Direba ya murɗa makulli, ba ka jin komai sai ƙyat, ƙyat. Mai kaya ya ɗora hannu a ka yana salati, wai inji ya buga, masararsa za ta kwana uku a hanya. Aka taso bakanike. Dattijon ko akwatin sifanunsa bai buɗe ba, ya kasa kunne sau ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, a kira rewaya." Rewayan yaro ne da bai fi shekara 17 ba, rigarsa ta sha baƙin mai har ba a gane launinta. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa kik, wato ɗan moton da ke tayar da inji, sau biyu da gindin sifana, ya ɗaga murya: "Oga, murɗa!" Motar ta yi tari, ta watso hayaƙi, ta kama. Gawayin cikin kik ne ya cinye, ya daina taɓa inda ya kamata.

Yanzu faɗa mini, mutumin Zazzau, in duk abu ɗaya ne, me ya hana bakanike cin kuɗin?

Injin tirela mai yake ci, a cikinsa yake ƙona shi. Fistin ya matse iska har ta yi zafin da nozul na fesa mata gas sai wuta ta kama, ba fulogi ba komai. Bugun wutar nan shi ke tura fistin, fistin ya juya karanshaf, abin ya bi ta giya ya sauka a taya. Sai dai ƙaton nan da ke jan tan 30 rago ne wajen tashi daga barci, dole wani ya fara juya shi. Shi kuwa kik ko ɗigon mai ba ya sha. Wutar batir biyu yake zuƙa, bolt 24, ta ratsa naɗin waya ta zama maganaɗisu, ɗan haƙorinsa ya cafki haƙoran filawil ya wulwula. Daƙiƙa biyu ko uku ya gama aikinsa ya koma ya kwanta, ya bar inji da haki har Legas. Kafin Charles Kettering ya sa wa Cadillac irinsa a 1912, da hannu ake wana mota, kuma ta kan mayar da martani ta karya wa mutum tsintsiyar hannu. Wanda ya taɓa tayar da tsohon Lista na niƙa a ƙauye ya san abin da nake faɗa, ya san addu'ar da ake yi kafin a saki ƙarfen.

Na hango ɗan boko yana gyaɗa kai, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kada ka yi saurin washe baki, yallaɓai. Ƙa'idarka ta cewa mai cin mai inji ne, mai shan lantarki moto ne, tana da amfani a gareji, amma waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa yi mata biyayya ba. Henry Ford ya kafa kamfaninsa a 1903 ya raɗa masa Ford Motor Company, General Motors ya biyo a 1908. Fanka suke sayarwa? Rudolf Diesel, wanda duk tirelar da ke kan titi take cin albarkacinsa, a littafin da ya fitar a 1893 moto ya kira abin nasa. Wanda ya yi aiki sosai a 1897 a Augsburg aka haɗa shi, a masana'antar da daga baya ta zama MAN, kuma har gobe Bajamushe moto yake cewa. Je ka shagon baƙin mai ka karanta galan biyu: wannan an rubuta man inji, wancan man moto, abin da ke ciki kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Ko asalin kalmomin ka tono a Latin ba za su cece ka ba. Ɗaya daga hikima da dabara ta fito, ɗayar ma'anarta mai motsarwa. Wane inji ne ba ya motsarwa?

Na Damagaram, kai ma na ji ka. Faransanci bai wahalar da kansa ba, kalma guda ya yi wa duka biyun, na yarda. Amma ku da kuka ɗauki moto kuka ba babur, da wane bakin za ku yi mana gori?

Ni abin da ke ba ni dariya, Bahaushe ya daɗe da raba wannan gado ba tare da ya kira alƙali ba. Kalmomi uku Bature ya zo da su. Ta farko, moto, muka miƙe ta muka ce mota, muka ba abin gaba ɗayansa, da bodi da taya da yaron mota da ke barci a kan tamfol. Ta biyu, mashin, muka ba ɗan acaɓa. Inji kuwa muka sakar masa duk abin da ke ƙara yana cin kuɗi: na niƙa, na markaɗe, na ban ruwa, na saƙa. Matar da ta aiki yarinya da roba ta ce "kai inji" ba ruwanta da ko gas yake sha ko wutar NEPA. In wuta ta ɗauke a dawo mata da tattasanta, shi ke nan. Mutanen da suka kira abin da ke tashi sama da sunan kwalekwale ba za su tsaya jayayya kan wannan ba.

Ga kuma wanda zai haɗa ku faɗa ku ukun. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 gas yake sha, amma injinsa ba shi ke juya ƙafafun ba. Janareta yake juyawa, wutar ta gangara zuwa moto-moton lantarki da ke maƙale a jikin ƙafafun, su ne ke ja. Wato inji yana noma, moto yana kai amfanin gona kasuwa. In ya tsaya a Rijana, wa za a kira, bakanike ko rewaya? Sannan ga motocin lantarki sun fara shigowa. Ina jiran ranar da Bazazzagina zai ɗaga bonet, tsumma a hannu zai auna baƙin mai, ya tarar da wayam. Mota ce, ba ta da inji, moto ke jan ta. Maimaita wannan sau uku da sauri in harshenka bai harɗe ba.

Game da tambayarka kuwa, Bazazzagi, e, na taɓa riƙe sitiyari: wata tsohuwar akori-kura ce, kik ɗinta ya mutu tun kafin in saye ta, kullum a kan gangara nake ajiye ta. Ranar da za ka bi ta Mararraba ka yi mini waya. Shayi da ƙwai uku, kai za ka biya.