Ire-iren Mutanen da Lokatan Aikatau na Turanci Ke Tonawa a Aji

A nahawun Hausa, wanda M.K.M. Galadanci ya yi wa fitaccen littafi a 1976, aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, ba shi ne ke ɗaukar nauyin lokaci ba. Ɗan lamirin da ke gabansa ne ke sauyawa, shi ya sa "ya tafi", "zai tafi" da "yakan tafi" duk suka bar "tafi" zaune lafiya. Turanci kuwa jikin aikatau yake taɓawa, ya liƙa masa wutsiya ko ya sauya masa wasali, sannan ya jero masa mataimaka a gaba. Masana na cewa siffofin lokaci biyu kacal aikatau na Turanci yake da su, mai ci da shuɗaɗɗe, amma littattafan makaranta sun aura wa zamani uku yanayin aiki huɗu suka haifi jadawali mai gida 12, kuma a gaban wannan jadawali ne halin malami da na ɗalibi ke fitowa fili a makarantun arewacin Najeriya.

Wanda ya fi yawa shi ne malam mai jadawali, mutum mai tsafta da ke shigowa da doguwar rula da alli launi uku, ya ba ɗalibai baya ya shiga zane, kuma idan layi ɗaya ya karkace sai ya goge duka ya sake, har minti 30 cikin 40 na darasin su ƙare ba a furta jimla ko ɗaya ba. Daga nan sai ya juyo ya ce, "Kun gane?", aji ya amsa da murya ɗaya, "Mun gane, Malam!", amsar da a wannan fage ba ta nufin komai illa cewa an kusa kaɗa ƙararrawa. Ɗalibansa sun fi kowa kyawun littafin rubutu, sai dai in aka tambaye su abin da suka ci jiya sai su duƙa neman shafi.

Ɗan'uwansa shi ne malam mai rerawa, wanda ya gano cewa Turanci na da kangararrun aikatau wajen 200 da ba sa bin ƙa'idar liƙa "-ed", ya yanke shawarar cewa maganinsu hadda. Ajinsa ake jiyowa tun daga ƙofar makaranta ana "go, went, gone", ana kaɗa kai ana buga benci. Haddar tana zama daram, domin yaran sun saba da ita tun daga makarantar allo, amma ba a koya musu inda kowace siffa ke shiga ba, don haka idan aka nemi ɗaya sai su miƙo ukun gaba ɗaya, kamar mai tumatir da ba ta raba kashi.

Akwai kuma sarkin yaƙi da banakula, wato harshen gida, wanda ke naɗa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa don a ci shi tara. Ajinsa tsit yake, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa jin kuskuren lokaci a cikinsa ba, abin da yake gaskiya ne, tun da shiru ba shi da shuɗaɗɗe balle mai zuwa. Kusa da shi a ba da tausayi akwai kofa, ɗan bautar ƙasa na shirin da aka kafa a 1973, wanda aka turo daga Kudu bai san "zo" ba balle "tafi", yake bayyana Turancin da ba a gane ba da wani Turancin da ya fi shi tsauri.

A ɓangaren ɗalibai lamarin ya fi daɗin nazari, domin yawancin kurakuransu suna da hujja, kuma hujjar tana cikin Hausa. Mai adalci shi ne wanda aka gaya wa ƙa'ida ya riƙe ta da gaske, yake raba "-ed" ga kowane aikatau ba sani ba sabo, ya rubuta "goed" da "buyed" hankali kwance. A duk ajin shi ne ya fi bin doka, kuma shi ya fi shan jan biro. Mai tsumulmula ya lura cewa kalmar "yesterday" ta riga ta faɗi lokaci, bai ga dalilin biyan kuɗi sau biyu ba, sai ya bar aikatau yadda ya same shi. Kishiyarsa, mai riga-kafi, "did went" yake rubutawa don kada wani ya zarge shi da rowa.

Wadda ta cancanci dogon bayani ita ce uwar "-ing", ɗalibar da ke cewa "I am having two brothers" tana kuma "understanding" duk abin da aka faɗa. Malamai na ɗauka sakaci ne, alhali Hausa ce ke magana da bakinta, domin mallaka da so duk da lamirin lokaci mai ci ake faɗarsu, "ina da" da "ina so", yayin da Turanci ba ya son sa wa aikatau na hali, irin su mallaka, sani da fahimta, wannan wutsiya. Juyin lamarin ya fi ban dariya: sani da ganewa da siffar shuɗaɗɗe Bahaushe ke faɗarsu, "na sani", "na gane", don haka ɗalibin da ya ce "I knew" yana iya nufin cewa a yanzu haka ya sani, malam kuwa ya tambaye shi yaushe ya daina. Haka nan mai "use to", wanda ya nemi takwaran lokaci sabau, wato "nakan", bai samu ba, sai ya cire harafin "d" daga "used to" ya ƙera nasa, kuma ƙirar ta karɓu har ana jin ta a bakin manyan ma'aikata.

Gida ɗaya na jadawalin ne ke raba malamai biyu. "Na ci" ta Hausa tana ɗauke da "I ate" da "I have eaten" a ciki guda, kuma bayyana bambancinsu na buƙatar misalai da haƙuri. Malam mai zillewa yakan ce, "Za mu dawo kansa mako mai zuwa", makon da har a yi hutu ba ya zuwa. Malam mai burga kuwa tsallake gidan "I have eaten" yake yi ya faɗa gida na 12, inda ake "will have been teaching", siffar da ko Turawan Ingila kan yi kwanaki ba su buƙace ta ba, ya maimaita ta yana gyara zaman hula.

A benci na ƙarshe ɗan jarrabawa ke zama, wanda tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Malam, zai fito a WAEC?" Hukumar, wadda aka kafa a 1952, da ƙanwarta NECO ta 1999, su ne alƙiblarsa, tun da ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Ya haddace tsofaffin tambayoyi na shekaru, ya san cewa inda aka ga "since" to a lalubi "has" ko "have" cikin zaɓi huɗu, kuma sau da yawa yana dacewa. A takardar insha'i, inda aka ce ya ba da labarin wani biki da ya halarta, yakan fara da shuɗaɗɗe, ya tsallaka mai ci a layi na uku, ya aurar da amarya a lokaci mai zuwa, sannan ya ƙirga kalmominsa ya ga sun cika 450 ya ajiye biro.