Risala Kan Saɓanin Faifai Biyu Da Hukuncin Wanda Ya Sayi Ɗayansu

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, faifan fim mai tsananin fitar da hoto ya kasu gida biyu, kuma wanda ya ɗora su a tafin hannu ba zai bambance su ba. Kowanne faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, da huda a tsakiya. Kowanne shuɗin hasken leza ke karanta shi, mai zangon nanomita 405, saɓanin jan hasken DVD mai 650. Kowanne yana fitar da hoto mai layi 1080. Wannan kamanni shi ya wajabta yaƙi, domin da sun bambanta ƙwarai da mutane sun zaɓa da kansu, manyan kamfanoni su rasa abin yi.

Na farko shi ne Blu-ray, wanda Sony ta tsaya masa tare da Panasonic da Philips da Samsung. Na biyu HD DVD, ɗan gidan Toshiba da NEC, wanda Microsoft da Intel suka yi wa mubaya'a a 2005. Don sauƙaƙa wa ɗalibai, an zuba Blu-ray a shuɗin gida, HD DVD kuma a ja, alhali shi ma shuɗin haske ke karanta shi.

Tushen saɓanin rabin milimita ne. Blu-ray yana ajiye bayanansa a zurfin milimita 0.1 daga fuskar faifai, HD DVD kuwa a 0.6, daidai inda kakansa DVD yake ajiyewa. Daga nan komai ya tsiro. Kusanci da fuska ya ba Blu-ray damar ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, inda abokin hamayyarsa ya tsaya a 15. Amma kusancin ya sa ƙarzuwa kaɗan ke lalata shi, sai da aka ƙirƙiro masa wani tauri da ake shafa masa, kuma buga shi sai da sababbin injuna. HD DVD kuwa tsofaffin masana'antun DVD na iya buga shi da ɗan gyara. A 2005 ɓangarorin biyu suka zauna wata da watanni don su haɗu a kan faifai ɗaya, suka tashi baram-baram. Masu duba zahiri sun ce rabin milimitar ce ta gagare su. Masu zurfafa bincike sun ce kuɗin lasisi ne, domin duk na'urar da aka ƙera da duk faifan da aka buga akwai abin da ke shiga aljihun mai fasahar, kuma Toshiba ta ɗanɗana wannan a zamanin DVD. Marubucin wannan risala yana tare da na biyun. Ita kuwa Sony tana da tsohon miki: kaset ɗin bidiyonta Betamax na 1975 ya sha ƙasa a hannun VHS na JVC, kuma ba ta yarda ta daina sayar da kasetinsa ba sai 2016, abin da ke nuna irin halinta.

A Afrilun 2006 na'urar Toshiba ta shiga kasuwar Amurka a kan dala 499. Idan aka kunna ta takan yi kusan minti guda kafin ta farka, lokacin da ya isa mai gida ya yi tunani a kan abin da ya aikata. A watan Yuni ta Samsung mai Blu-ray ta biyo baya a kan dala 999.

A nan mas'ala mai wuya ta taso. Kamfanonin fim na Holiwud sun rabu: Disney da Fox da Sony Pictures suna Blu-ray, Universal tana HD DVD. To mene ne hukuncin mutumin da ke son fim ɗin Disney da safe, na Universal da yamma? Amsar ita ce ya sayi na'ura biyu. LG ta tausaya masa a 2007 ta fitar da guda mai karanta duka biyun a kan dala 1,199. Warner kuma ta sanar da faifai mai fuska biyu, kowace fuska da mazhabarta, sai dai bai taɓa isa kanti ba. A Agustan 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kacokan bayan sun gamsu da hujja, kuma jaridun Amurka sun ruwaito cewa nauyin hujjar ya kai dala miliyan 150.

Dabarar da ta yi aiki ba ta da alaƙa da fim. A Nuwamban 2006 Sony ta fitar da na'urar wasa PlayStation 3 da Blu-ray a cikinta, tana sayarwa ƙasa da kuɗin ƙera ta. Duk yaron da aka saya wa don ya yi tseren mota sai aka rubuta gidansu cikin mabiya, ko ba su taɓa jin sunan ba. Microsoft kuwa ta ware na'urar HD DVD daban ga na'urar wasanta Xbox 360 a kan dala 199, wato ta bar wa mutane zaɓi, mutane kuwa suka zaɓi riƙe kuɗinsu.

Ranar 4 ga Janairun 2008, ana jajibirin baje kolin kayan lantarki na Las Vegas, Warner ta ce ta koma Blu-ray. 'Yan HD DVD suka soke taron manema labarai da suka shirya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: cikin Fabrairu Netflix da kantunan Best Buy da Walmart suka bi sahu, ranar 19 ga watan Toshiba ta ajiye makami. Game da wanda ya riga ya sayi na'urar, Best Buy ta yanke masa diyyar katin sayayya na dala 50. A 2009 Toshiba da kanta ta fara ƙera na'urar Blu-ray, ba ta ce wa kowa komai ba sai farashi.

Saura batun karɓuwa ga gama-gari, wanda shi ne maƙasudin risalar. Sharaɗin cin moriyar faifan shi ne talabijin mai layi 1080, babba, da zama kusa da ita. Wanda ya zauna nesa da ƙaramar talabijin idonsa ba ya raba Blu-ray da DVD, kuma akasarin 'yan Adam nesa suke zama, saboda can kujera take. Shi ya sa shekaru bayan nasarar, DVD ya ci gaba da fin mai nasara yawan fita a Amurka. Ƙari a kan haka, tun Janairun 2007, ana tsakiyar yaƙin, Netflix ta fara aika fim ta intanet, babu wanda ya gayyace ta cikin muhawarar.

An sanya Afirka a shiyyar B ta Blu-ray tare da Turai, karamcin da 'yan kasuwar fim na Kano ba su samu labarinsa ba, domin a lokacin VCD suke sayarwa, daga baya kuma harkar ta koma hannun masu tura fim a waya.

A 2016 aka fitar da sabon Blu-ray mai ninkin tsabtar hoto, ga masu tara faifai waɗanda har yanzu suna nan, suna kuma da gaskiya cewa hotonsa da sautinsa sun fi na intanet. A 2019 Samsung ta daina fitar da sababbin na'urorinsa a Amurka. A 2024 Best Buy, wadda ta taimaka wajen naɗa shi, ta kwashe faifan fim daga kantunanta gaba ɗaya, har da DVD.