Injin Jirgi a Hannun Mutum-mutumi

Duk wanda ya fara haɗa mutum-mutumin lantarki a ɗakinsa, idonsa kan faɗa kan lamba mafi girma. Ya ga ƙaramin inji maras buroshi an rubuta masa 2300KV, sai ya sa hannu a aljihu. Ma'anar lambar ita ce juyi 2,300 a minti ɗaya kan kowane bolt. A ba shi bolt 12, ya doshi juyi 27,600. Wannan injin jirgi maras matuƙi ne, gwanin namu kuwa so yake hannun mutum-mutumi ya ɗaga kofin shayi a hankali. Tamkar a ɗauko dokin sukuwa a ce ya ja garma.

Wayar cikin injin jirgin ba ta kai om ɗaya ba, don haka yana zuƙar wuta har allon sarrafawa ya yi hayaƙi. Injin mariƙin kyamara, mai om 10 ko fiye, shi ne mai haƙurin wannan aiki.

Saura enkoda, mai gaya wa kwamfuta inda injin ya tsaya. AS5600 tana raba juyi ɗaya gida 4,096, AS5048A kuma 16,384. Gwani zai sayi mai tsadar, sannan ya ɓamɓaro maganaɗisun tsohuwar sifika ya manna da gam, a karkace. Enkodar na son maganaɗisun da arewarsa da kudunsa ke gefe da gefe, zaune daidai tsakiyar sandar injin. In ba haka ba, injin zai yini yana karkarwa, mai shi yana zagin manhajar SimpleFOC, alhali manhajar ba ta da laifi.