Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Java

Ina fata kina lafiya, ke da mariƙinki Oracle da ya karɓe ki daga hannun Sun a 2010.

Bayan gaisuwa, kuka na kawo. Da James Gosling ya fito da ke a 1995, cewa aka yi ke mai sauƙin kai ce, za ki raba mu da wahalar C++. Abin da muka roƙa bai taka kara ya karya ba: kulosha, ɗan guntun aikin da ake miƙa wa wani sashe na manhaja, ya tafi riƙe da bayanan wurin da aka rubuta shi. Harshen Scheme yana da shi tun 1975. Ke kuwa a 1997 sai kika ba mu aji marar suna, layi biyar kafin a gaya wa maɓalli abin da zai yi in an danna shi.

Daga 2006 dangi suka rabu uku kan yadda za a kawo miki kulosha, kowa da shawararsa: BGGA da CICE da FCM. Joshua Bloch ya ja kunne cewa tsarin janarik da kika karɓo a 2004 ya riga ya ɗora wa mutane nauyi. Kika yi gum. Java 7 ta zo a 2011 hannu rabbana, sai Maris 2014 Brian Goetz ya shigo da lamda, wato kuloshan da muka roƙa.

To, lamda ta yi kyau, ba na musu. Amma da wace rakiya ta zo? Intafes 43 a java.util.function, don kawai janarik ɗinki ba ya karɓar int da long da double. Ga IntFunction, ga ToIntFunction, ga IntToLongFunction, sai ka rantse suna ɗaya ake juyawa. In mutum ya so ƙara ɗaya kan lissafin da ke wajen lamda, sai ki ce a'a, abin da aka kama ba ya canzawa. Sai mu yi jeri mai gurbi ɗaya, mu ɓoye lissafin ciki, ki kau da kai kamar ba ki gani ba.

Babbar matsalar ita ce da ƙyar kike zubar da wani abu. Ɗakinki ya zama irin na tsohuwar da ke jera sabbin kwanuka kan na aurenta na fari. Vector da Date suna nan tun fitowar farko, aji marar suna na nan, kuma ɗalibi dole ya san su duka, don tsofaffin manhajojin bankuna cike suke da su.

Don girman Allah, kafin ki sake karɓo wani sabon abu, ki faɗa mana wanne za a fitar.

Naki,
Mai rubuta manhaja da har yanzu bai iya rabuwa da ke ba