Arzikin Finlan, gutsure-gutsure

Mutanen Finlan ba masu fariya ba ne, har nahawunsu ya ɗauko halin. Suna a harshensu yana sauya kama har hanya 15, kuma ɗaya daga ciki, wadda suke kira partitiivi, aikinta ta nuna cewa ɓangaren abu ake nufi, ba dukansa ba. Abin dariyar shi ne, ita ake aikowa idan za a faɗi yawa.

Kuɗi a wurinsu raha ne. Amma attajirin Helsinki ba ya cewa paljon raha. Dole ya ja wasalin, paljon rahaa, sai ka ce mai rantsuwa a gaban jami'in haraji cewa tulin nan ɗan yanki ne kawai. Sifa ma ba ta tsira ba. Fure kyakkyawa kaunis kukka ne. Da zarar sun yi yawa sai su koma paljon kauniita kukkia, kowace kalma ta sha ɗafa-ƙeyarta, babu mai yafe wa wata.

Lissafi ya fi ban haushi. Gida talo ne, gida ɗari kuma sata taloa: sunan yana nan a tilo, ɗarin ba ta burge shi ba.

Har soyayya ba ta kuɓuta ba. Saurayi zai ce wa budurwa rakastan sinua, wato ita ma a gutsure ta fito. Malaman nahawu sun ce alama ce ta aikin da ba ya ƙarewa. Budurwar dai tana da damar tambaya: wane ɓangaren?