Masu Rigimar Lasisi da Masu Hura Mata Wuta

Duk wanda ya taɓa sa hannu a aikin manhajar da ake rubutawa a bainar jama'a ya san cewa kod ba shi ne abin wahala ba. Wahalar tana wajen mutane. Sai ka buɗe kwamfuta da safe da niyyar gyara matsala guda, ka tarar an kwana ana musu a kan lasisin da ka zaɓa, ita kuwa matsalar ko kallonta ba wanda ya yi. Na daɗe ina cuɗanya da waɗannan bayin Allah, har na kai ina gane kowannensu daga layin farko na saƙonsa.

Shugabansu shi ne Malam Mai Tsarki. Da ka ce kana amfani da Linux sai ya yi gyaran murya: "Gafarta malam, GNU/Linux kake nufi." Daga nan ka shiga aji. Zai tuna maka cewa Richard Stallman ya yi shelar aikin GNU tun 1983, ya kafa gidauniyar FSF a 1985, shi kuwa Linus Torvalds sai a 1991 ya zo ya rubuta ƙwayar tsarin kawai. Abin da ya fi ciwo shi ne duk maganar tasa gaskiya ce, babu inda za ka kama shi. Sai ya lissafo maka 'yanci huɗu, kuma daga sifili yake farawa: ka yi amfani da manhaja, ka karanta cikinta ka gyara, ka raba wa wasu, ka raba gyararka. Babban yatsa ne yake ɗagawa a madadin sifilin.

Kada ka kuskura ka yabi tafiyar buɗaɗɗen kod da Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa wa ƙungiyar OSI a 1998. A wajen Malam, wannan ita ce shekarar da aka sayar da aƙida don a faranta wa 'yan kasuwa. Kwamfutarsa tsohuwar ThinkPad ce, ya cire mata duk wani abu da ba a buɗe kod ɗinsa ba, shi ya sa ba ta kama intanet sai ya soka mata wata 'yar na'ura a gefe, wadda yake ɗaure da roba don kada ta faɗi. In ka tura masa takarda ta Word zai dawo maka da ita, haɗe da nasiha mai sakin layi uku. Ba ya WhatsApp, don haka duk sanarwar suna da ɗaurin aure ta wayar matarsa take isa gare shi, kuma bai ga wani abin dariya a nan ba.

Muna yi masa tsiya, amma yana da ranakunsa na sallah. MongoDB ta sauya lasisi a 2018, Elastic a 2021, HashiCorp a 2023, Redis a 2024, kowacce ta janye manhajarta daga sharuɗɗan da jama'a suka ba da gudummawa a ƙarƙashinsu. Duk ranar da irin wannan labari ya fito, Malam ba ya doguwar magana. Kalma biyu yake turowa: "Na faɗa." Da Elastic da Redis suka dawo daga baya suka ƙara lasisin AGPL, sai da ya yi mako guda yana gaisawa da kowa.

Abokin hamayyarsa shi ne mutumin lasisin MIT da BSD. Shi a ganinsa GPL, lasisin su Malam, sarƙa ce, tunda tana tilasta wa wanda ya gyara manhaja ya raba ta ya saki kod ɗin gyaran. Kyauta ta gaskiya, in ji shi, ka bayar ka juya baya. Yana alfahari da cewa tsarin PlayStation 4 a kan FreeBSD aka gina shi. In kana son ya canza zance, tuna masa da Farfesa Andrew Tanenbaum, wanda sai a kafafen labarai ya ji a 2017 cewa Intel ta dasa tsarinsa na MINIX, mai lasisin BSD, a cikin miliyoyin kwamfutoci.

Akwai lauyan tasha. Yana farawa da "Ni dai ba lauya ba ne, amma," sannan ya yanke hukunci a shafi biyu. Shi ne mai rantsuwa cewa GPL ta hana sayar da manhaja, alhali ba ta hana ba. Bai taɓa wuce gabatarwarta ba.

Akwai mai barazanar ɓallewa. Da an ƙi shawararsa sai ya ce zai kwafe aikin ya kafa nasa, ya kawo misalin MariaDB da ta fita daga MySQL da LibreOffice da ta fita daga OpenOffice a 2010. Yakan cika alkawari kuwa: ya kwafe, ya canza suna, ya zana tambari mai kyau. Ranar ce ta farko kuma ta ƙarshe da aka taɓa aikin.

Sai mai ƙirƙirar lasisinsa na kansa, wanda duk lasisin duniya babu wanda ya yi masa. Kakansu shi ne Douglas Crockford, da ya sa sharaɗin cewa a yi amfani da manhajarsa wajen alheri, ban da sharri. Masu tsarin Linux na Debian suka ce wannan sharaɗi ya fitar da ita daga sahun manhajar 'yanci. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda lauyoyin IBM suka nemi a ɗage musu sharaɗin, ya kuwa rubuta musu izinin aikata sharri da ita.

Ɗan tsokana kuwa ba shi da aƙida ko ɗaya, sai sanin inda yake yi wa kowa ƙaiƙayi. Yana jira a yi shiru, sai ya jefo tambaya da muryar mai neman ilimi: "'Yan'uwa, don Allah wa ke amfani da Emacs har yanzu, alhali ga Vim?" Ko ya ce systemd ce mafi alherin abin da ya taɓa samun Linux, yana sane da cewa a kanta wasu suka fice daga Debian a 2014 suka kafa Devuan. In kasuwa ta yi sanyi sai ya tayar da zancen Rust a ƙwayar Linux. Daga nan ya koma gefe da shayinsa. Kafin la'asar Malam Mai Tsarki da mutumin BSD sun kama wuyan juna, lauyan tasha ya kawo fatawa, mai ɓallewa ya fara zana tambari. Shi kuwa duk wannan daga Windows yake turowa. Kowa ya san maganinsa a yi banza da shi, kuma kowa yana jira ya ba shi amsa ɗaya tak kafin a fara yin banzar.

Akwai kuma wani bawan Allah da ya taɓa gyara waƙafi a takardar bayanin wata manhaja, sunansa ya shiga jerin masu ba da gudummawa, tun daga ranar yake cewa "mu masu wannan harka." A sassauta masa. Mutum ne mai iyali, kuma yakan yi rubutu a mujalla.

Duk waɗannan ina iya zama da su, don ko rigimarsu ta son abin ce. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne mai cin banza da tsawa. Bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, bai taɓa biyan kwabo ba, amma saƙonsa kamar na maigida: "Yaushe za a gyara wannan? Kamfaninmu na jira." Ko bayanin yadda matsalar ta faru ba zai kawo ba. In an nemi ya kawo, sai ya ce aikin ya mutu, mai kula da shi malalaci ne. Wanda yake zagin kuwa mutum ne da ya dawo daga aikin ofis, ya ci abinci, ya zauna gyara abin da kamfanoni ke samun riba da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka aka yi a Disamba 2021 da ɓarakar manhajar Log4j ta fito: 'yan sa kai ƙalilan suka hana idonsu barci, duniya tana yi musu ihu.

Wannan hali har ƙofa yake buɗe wa ɓarawo. Manhajar xz, wadda kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana kula da ita. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka yi masa caa, suna cewa ya gaza, ya miƙa wa wani. Ya gaya musu aikin sa kai ne kuma ba shi da cikakkiyar lafiya, ba su raga masa ba. A ƙarshe ya ba wani mai kiran kansa Jia Tan iko, shi kuwa ya dasa ƙofar sirri a cikin manhajar. Sai a Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin. Ana kyautata zaton masu matsin lambar da mai dasa ƙofar tafiyarsu ɗaya. Dabarar ta ci ne saboda babu wanda ya ga baƙon abu a cikin saƙonninsu, irin su ake turo wa masu kula da manhaja kullum.

Don haka mai tsawa, ga amsarka. Da GPL da MIT da BSD, duk da gabar da ke tsakanin mabiyansu, sun haɗu a kan sakin layi guda da aka rubuta da manyan baƙaƙe: an ba ka manhajar yadda take, babu garanti. In kana da gyara, kawo. In kana da kuɗi, ɗauki nauyin mai gyaran. In ba ka da ko ɗaya, yallaɓai, ka yi sallama, ka kawo bayanin matsalarka dalla-dalla, ka bi layi.