Na Nawa Ka Zo?

Mu dai a Arkilla, ranar da aka ba da hutun makaranta tambayarmu ɗaya ce: "Kai, na nawa ka zo?" Yaro bai ko sauke jaka ba, uwa ta tambaya, uba ya tambaya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ita ma ta tambaya. Wanda ya zo na ɗaya a soya masa ƙwai, a fara kiransa likita. Wanda ya zo na talatin kuwa sai ka ji, "Wanga yaro ba shi da ƙwalwa," ai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

To amma bari bazara ta kama, a ɗauke wuta da dare, janareto ya ƙi tashi. Wa muke ƙwala wa kira? Shi dai marar ƙwalwar nan. Ya tsuguna da tocilan a baki, ya kwance fulogi, ya hura, ya kankare baƙin da ya taru, ya mayar, ya ja igiya, ya karkata kai yana sauraron ƙarar injin har ya gane inda ciwon yake. Fanka ta juya, mu ce Allah ya yi maka albarka, gari na wayewa mu koma kiransa daƙiƙi. Haka yarinyar da ta faɗi lissafi a aji, amma ta riƙe bashin ƙosan layi guda a ka, ta ba mutum biyar canji ba ta yi kuskuren naira ɗaya ba. Haka mai raba faɗan ƙannenta da magana biyu, wadda muke ce wa sarkin surutu. Wanda ke kiɗa da bokiti kuwa har rankwashi yake sha, "Maroƙi za ka zama?", alhali Narambaɗa da Ɗanƙwairo ne ke tashi a wayoyinmu.

Kuma fa dukkanmu muna alfahari da Jelani Aliyu. A nan Sakkwato ya tashi, yaro mai son zanen motoci, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garin nan, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin karatunsa a Ditiroyit ta Amurka. Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt, a 2017 kuma aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Ɗa na kowa ne, yau kowa cewa yake namu ne. Amma a ɗaga littafin yaronmu a ga mota a shafin baya, sai faɗa ya tashi: an saya maka littafi da tsada kana ɓata shi da zane!

Wani malamin Jami'ar Habad, Howard Gardner, ya rubuta littafi a 1983 yana cewa basira kashi-kashi ce, ya lissafa bakwai, har da ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki da ta iya zama da mutane. Masana na ta gardama a kai, mu kuwa kakanninmu da aiki suka nuna. Maƙeran Assada da dukawan Madunka hannun yaro suke kallo su san abin da zai iya. Nana Asma'u ta san akwai masu ɗaukar ilimi da kunne, sai ta zuba shi cikin waƙa da Hausa da Fulatanci da Larabci, jajojinta, wato malamanta mata, suka kai wa mata har ƙauyuka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke kai yaro gareji ko shagon tela. Da fushi muke kai shi, "tunda boko ya ƙi," ya shiga sana'ar da Allah ya ba shi kansa a sunkuye. Ga kwalejin fasaha nan a Runjin Sambo, kusa da mu, amma sai makarantar da muke so ta gagara muke tunawa da ita. Shi kuma na ɗayan ba ma barinsa ya taɓa ko sifana, kada hannun likita ya yi baƙi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, muna faɗa a majalisa kullum, kuma ni ban ga abin da zai hana yaro ya je aji da safe, ya je wurin maigidansa bayan la'asar, a tambaye shi labarin duka biyun a kan tabarmar tuwon dare ba.